Daga Dutsen Bakin Kogi Zuwa Injin Wanki: Tarihin Wanki a Miskine da Kilomita Biyar

Akwai kayan da mutum kan saya domin ya more su yau, akwai kuma waɗanda ba ya sayensu sai ya tabbatar zai kwana ya tashi a gidan nan shekaru masu zuwa. Rediyo da wayar hannu suna cikin na farko, domin in gudu ya kama ana jefa su a jaka. Injin wanki yana cikin na biyu. Ba a ɗaukarsa a ka, ba a goya shi, kuma ba wanda zai ba shi wuri a motar da ta cika da mata da yara. Saboda haka, a unguwa irin tamu ta Miskine da ke birnin Bangui, duk magidancin da ka ji yana tambayar wane injin wanki ya kamata ya saya, to tambayarsa tana da tarihi a bayanta.

A 'yan shekarun nan tambayar ta yawaita a cikin saƙonnin da masu sauraro ke aiko mini. Wata amarya ce za a haɗa wa kayan ɗaki, wani kuma matarsa ce ciwon baya ya hana ta durƙuso, wani yaransa ne suka kai bakwai, wankin kayan makarantarsu kaɗai yana cinye Asabar da Lahadi. Ni ba makaniki ba ne, aikina jarida. Abin da ɗan jarida zai iya shi ne ya bi diddigin abu ya ga daga ina ya taso, domin wanda ya san asalin kaya ya fi sanin inda zai yi masa amfani. Wannan shi ne abin da na yi niyya a wannan rubutu.

Yadda muka samu kanmu a nan

Faransawa ne suka kafa Bangui a shekarar 1889, a gefen kogin Ubangi, daidai wurin da duwatsu ke tare ruwa su hana manyan jiragen ruwa wucewa gaba. Tun kafin wannan lokaci fataken Hausa sun riga sun san yammacin ƙasar nan. Ta Adamawa suke bi, su sauka Ngaundare, daga nan su gangaro Kunde da ke kan iyakar Kamaru ta yanzu, su shiga ƙasar Gbaya. Suna kawo tufafi da gishiri da duwatsun ado, su koma da hauren giwa da goro, kuma a wancan zamani har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba in muna ba da tarihi. Da mulkin mallaka ya kafu, hanyoyi suka karkata zuwa Bangui, fatake suka bi su. A nan suka haɗu da Barebari da Fulani da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da na Mali.

Turawa sun zauna a bakin kogi, inda ofisoshinsu da kantunansu suke, baƙar fata kuwa unguwanninsu suka kasance can baya. Daga tsakiyar gari, inda ake kira PK0, in ka miƙe titin Boganda ka yi kilomita biyar, ka iso kasuwar da ta zama cibiyar cinikin ƙasar baki ɗaya. Ƙidayar nisan ce ta zama sunan wurin: PK5, ko Kilomita Biyar. Unguwar tana cikin gunduma ta uku, Miskine kuwa tana maƙwabtaka da ita a gunduma ta biyar. Duk mai jin Hausa in ya ji sunan Miskine zai tuna da kalmar miskini, amma waɗanda suka tashi a cikinta sun san unguwa ce ta 'yan kasuwa da masu sana'a, inda Musulmi da Kirista suka daɗe katanga ɗaya ke raba gidajensu.

Abin lura a nan shi ne, kakanninmu da tufafi suka zo. Tufa ce hajarsu, ita ce kuma shaidarsu. Ana gane Bahaushe a Bangui da babbar riga da hula tun kafin ya buɗe baki. Al'ummar da ta ɗauki sutura da wannan daraja kuwa, dole wanki ya zama babban aiki a wurinta.

Wanki kafin zuwan inji

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufar Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Bayan marina akwai wata sana'a da ke biye da ita, wato bugu. Masu bugu kan ɗora tufa a kan gungumen itace su yi ta dukanta da mabugi har ta kwanta ta yi ƙyalli. Wannan ita ce gugar kakanninmu, kuma har gobe mai shadda ta ƙwarai ya fi son a buga masa ita a kan a goge. Sabulu kuwa a gida ake yinsa. Ana tace toka a samu ruwanta mai kaifi, a dafa shi da kitse ko mai har ya daskare. Daga kurmi kuma fatake na kawo sabulun salo, wanda ake yi da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man kwakwa.

A Bangui wankin ya samu sabon wuri. Ga kogi, ga duwatsu shimfiɗe a bakinsa, ga ƙoramu da ke ratsa unguwanni. Waɗanda suke nesa da kogi, kamar mu, rijiyar tsakar gida ce madogara. Tsarin aikin bai canja ba tsawon shekaru: a ja ruwa, a jiƙa, a saɓa sabulu, a cuɗa, a buga a kan dutse ko katako, a ɗauraye sau biyu ko uku, a matse, a shanya. Fararen kaya a sa musu bula, manyan riguna a sa musu sitaci, wanda a ƙasar rogo irin wannan ba ya wahalar samu. Daga nan sai dutsen guga na gawayi.

Guga a wannan yanki ta wuce maganar ado. Akwai wani ƙuda da Faransawa ke kiran tsutsarsa ver de Cayor, wanda ke yin ƙwai a ƙasa da kuma jikin tufar da aka shanya a inuwa ko a ƙasa. In mutum ya sa tufar, tsutsar kan shige fatarsa ta yi ƙurji kamar maruru. Zafin dutsen guga ne ke kashe ƙwan. Shi ya sa iyayenmu mata suke goge har ɗan kamfai da zanen goyo, ko da ba su taɓa jin sunan ƙudan a bakin likita ba.

Wa ke yin wannan aiki? A nan tarihi ya rabu gida biyu. Wankin da ake biya, maza ne suka riƙe shi. A gidajen Turawan mulkin mallaka akwai yaron gida da aikinsa kawai wanki da guga. A biranen Hausa har yau masu wanki da guga maza ne, da rumfarsu da teburinsu. Haka abin yake a wasu ƙasashe: a Johannesburg ta shekarun 1890 akwai ƙungiyar mazan Zulu da ake kira AmaWasha waɗanda suka riƙe wankin gari, a Mumbai ta Indiya kuma akwai Dhobi Ghat, filin wanki da aka gina a 1890, wanda har yanzu ake aiki a cikinsa. Wankin da ba a biya kuwa, wato na gida, ya faɗa kan mata da 'yan mata, kuma ba a taɓa sa shi a lissafin tattalin arziki ba. Yarinyar da ta wuni a bakin rijiya ranar Lahadi, ita ce za ta shiga aji ranar Litinin ba ta buɗe littafi ba.

Yadda aka ƙera injin

Tunanin a ɗora wa na'ura wannan wahala ya daɗe. A 1767 wani malamin coci a Jamus, Jacob Christian Schäffer, ya wallafa zanen wata ganga ta katako da ake juya tufafi a cikinta da hannu. A Amurka an ba Nathaniel Briggs takardar mallakar fasaha ta injin wanki a 1797, sai dai gobarar da ta cinye ofishin ajiyar takardun a 1836 ta tafi da bayanin yadda injin nasa yake. A 1851, shekarar da Barth ke yawo a kasuwar Kurmi, James King ya fito da inji mai ganga, sannan Hamilton Smith ya biyo baya da mai juyawa a 1858. Duk waɗannan da ƙarfin damtse suke aiki. Sun sauya yadda ake wahalar ne kawai.

Lantarki ne ya kawo canji na gaske. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Hurley na birnin Chicago ya fara sayar da injin lantarki mai suna Thor. A daidai wannan lokaci, a 1907, kamfanin Henkel na Jamus ya fito da garin sabulu na Persil. A 1922 kamfanin Maytag ya kawo mai fiffike a tsakiya wanda ke kaɗa ruwa ya ratsa tufafi. A 1937 kuma Bendix ya fito da wanda ke yin komai da kansa: ya ɗebi ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Wannan shi ne kakan injin da muke kira otomatik a yau.

Sai dai injin da ya fi dacewa da labarinmu ba daga Amurka ya fito ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ƙasa ce da ta tashi daga kango, gidajenta ƙanana, kuɗin mutanenta kaɗan. A 1953 kamfanin Sanyo ya fito da ƙaramin inji mai faifai da ke juya ruwa, mai araha, mai sauƙin gyara. Cikin 'yan shekaru injin wanki da firiji da talabijin suka zama abubuwa uku da kowane gida a Japan ke burin mallaka. Daga baya aka manna masa ɗaki na biyu mai matse kaya, sai ga inji mai baho biyu. Ingila ma ta rungumi irinsa, musamman bayan Hoover ya fito da Hoovermatic a 1957. Turai ta bar shi a baya da bututun ruwa da lantarki suka wadata a kowane gida, amma a Asiya da Afirka har yau yana da kasuwa, saboda dalilin da za mu gani nan gaba.

Akwai wani labari da malaman kasuwanci ke yawan bayarwa game da kamfanin Haier na ƙasar Sin. A shekarun 1990 masu gyara suka lura cewa injinan manoman lardin Sichuan suna yawan toshewa da laka. Da aka bincika sai aka gano dankali suke wankewa a ciki. Maimakon a zarge su da ƙauyanci, sai kamfanin ya ƙera inji mai faffaɗan bututu da zai iya wanke tufafi da dankalin duka. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, kowane inji an ƙera shi ne da wani irin gida a zuciya. Kafin ka biya kuɗi, tambayi kanka ko gidanka ne aka yi tunani.

Masana sun yi muhawara kan abin da injin ya yi wa duniya. A 2010 likitan nan ɗan Sweden, Hans Rosling, ya ƙiyasta cewa cikin mutane biliyan 7 na duniya a lokacin, kimanin biliyan 2 ne kawai ke da injin wanki, sauran da hannu suke yi. A wannan shekara kuma masanin tattalin arziki ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, ya rubuta cewa injin wanki ya canja duniya fiye da intanet, saboda lokacin da ya 'yanta wa mata su yi karatu da aiki. Amma tun a 1983 wata masaniyar tarihi a Amurka, Ruth Schwartz Cowan, ta ja kunne. A bincikenta, shigowar injin ta sa an daina kai wanki waje, an kuma ƙara yawan canja tufafi, sai aikin ya dawo kan uwar gida ita kaɗai. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma duka sun shafe mu.

Shekarun da ba a sayen kaya masu nauyi

Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka ƙwace Bangui. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara 'yan Anti-balaka suka kawo hari birnin, daga nan kuma abin da ya biyo baya ba sai an tuna wa kowa a nan ba. Miskine, da yake tana tsakanin ɓangarorin biyu, ta sha wuta sosai. An ƙona gidaje, an kwashe kaya, har kwanon rufi da ƙofofi da tagogi aka ciccire. A farkon 2014 manyan motoci suka yi ta jigilar Musulmi zuwa Cadi da Kamaru. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa daga Musulmi kimanin 122,000 da ke birnin kafin rikicin, kimanin 15,000 ne suka rage a Kilomita Biyar zuwa ƙarshen 2015, lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba.

Wanda ya ga yadda aka bar firiji da gado da keken ɗinki a tsakar gida aka tsira da rai, ya koyi wani darasi mai ɗaci game da dukiya. Shekaru bayan nan, ko waɗanda suka dawo ba su yarda su zuba kuɗi a abin da ba ya ɗaukuwa ba. Mai kuɗi ya gwammace ya bar su a haja, ko a zinaren matarsa, ko a wurin ɗan'uwa a Garwa ko Njamena. Katifa a ƙasa, tabarma, tukwane, rediyo: gidan da za a iya naɗewa cikin sa'a guda.

Har kalmar wanki ma ta shiga tarihin waɗannan shekaru. A watan Afrilu 2018 sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA tare da jami'an tsaron ƙasa suka shiga Kilomita Biyar domin kwance ɗamarar ƙungiyoyi masu makamai. Sunan da aka ba aikin shi ne Sukula, wanda a harshen Sango ke nufin wankewa. An rasa rayuka, ƙungiyoyin kuma ba su watse ba. A ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa da kansu suka yi fito-na-fito da masu karɓar harajin dole, aka kashe mutane da dama, aka ƙona shaguna. Bayan wannan ne jami'an gwamnati suka fara dawowa unguwar, kasuwa ta fara numfashi.

Shi ya sa nake ganin tambayar injin wanki alama ce mai kyau. Mutumin da ke auna faɗin bayan ɗaki domin ya ga inda inji zai zauna, ya fara yarda cewa nan ne gida.

Wuta, ruwa da hanya

Yanzu sai zaɓin kansa. A Faransa mai saye kan duba launi da yawan maɓallai. A Miskine abubuwa uku ne ke yanke hukunci, kuma kowannensu yana da nasa tarihin.

Na farko wuta, ko kuran kamar yadda muke cewa a nan. Lantarkin Bangui daga Boali yake zuwa, kusan kilomita 100 arewa maso yamma, inda aka kafa tashar farko a kan kogin Mbali a tsakiyar shekarun 1950, aka ƙara ta biyu a 1976. An gina su ne domin ƙaramin gari, garin kuma ya ninka sau da yawa. Shi ya sa kamfanin ENERCA ke raba wutar unguwa-unguwa. A Nuwamba 2023 an buɗe tashar hasken rana ta Danzi mai megawat 25, abin da ya kawo ɗan sauƙi, amma a ƙasar baki ɗaya waɗanda ke da lantarki ba su kai biyu cikin goma ba. Injin otomatik kwamfuta ce ke tafiyar da shi. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, mai ƙofa a gaba kan kulle da kayanka da ruwa a ciki har ta dawo. In kuma ta dawo da ƙarfi fiye da kima, allon kwamfutar ne ke fara ƙonewa, yana kuma cikin abubuwa masu tsada da ke jikinsa. Ga kuma abin dumama ruwa da ke cikinsa, wanda shi kaɗai kan ja wat 2,000 ko kusa da haka. Mai baho biyu kuwa motarsa ba ta cika wuce wat 300 zuwa 500 ba, agogonsa na murɗawa ne da hannu, ƙaramin janareta ko madaidaicin sola zai iya ɗaukarsa. Wuta ta ɗauke, ka buɗe murfi ka ƙarasa da hannu.

Na biyu ruwa. Bututun kamfanin SODECA bai kai kowane gida ba, inda ya kai ma ruwan ba koyaushe yake da ƙarfi ba, musamman da rani. Gidaje da yawa da jarka ake kawo musu a kura, ko su ja daga rijiya. Otomatik mai ƙofa a gaba shi ne mafi tsimin ruwa, lita 50 ko kusa da haka a wanki guda, wato jarka biyu da rabi mai lita 20. Mai murfi a sama kan sha ninkin wannan ko fiye. Amma dukansu biyu suna son ruwa mai turowa da kansa. Yawancinsu ba sa aiki daidai sai tanki ya yi tsayin aƙalla mita 5 sama da injin, ko a sa famfon turawa. Wanda zai sayi otomatik, to ya sa kuɗin tanki da hasumiya da mai haɗa bututu cikin lissafi tun daga farko. Mai baho biyu da bokiti ake cika shi. Za ka iya wanke fararen kaya, ka bi da masu launi, ka ƙare da tsummoki duk a ruwan sabulu guda, kamar dai yadda iyayenmu ke yi a baho. Ruwan ɗauraya kuma ya tafi shara ko ban-ɗaki.

Na uku hanya. Ƙasarmu ba ta da teku. Kusan duk injin da ka gani a shago, daga Sin ko Dubai ko Turai ya taso, ya sauka tashar Duwala, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,500 a bayan mota ta Garwa-Bulai da Bouar kafin ya iso. Daga ƙarshen Disamba 2020 zuwa farkon 2021, da 'yan tawaye suka datse wannan hanya, ɗaruruwan motoci suka tsaya cirko-cirko a kan iyaka, farashin komai ya tashi. Hanyar da inji ya bi ya zo, ita ce kayan gyaransa za su bi. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci a shago ita ce: in bel ya tsinke, in agogo ya mutu, in mota ta ƙone, wa ke da su a garin nan, wa kuma ya iya sawa? Kafin ka je wurin mai sayarwa, fara zuwa wurin mai gyara, ka tambaye shi wane iri ne yake da kayansa. Tsofaffin injinan Turai da ake kawowa na hannu suna da ƙwari, amma an yi su ne domin gidan da ruwa da wuta ba sa yankewa, kuma sun riga sun ci rabin shekarunsu. Araha ba ta ado.

Akwai ƙarin abu biyu da yanayinmu ya jawo. Damina a Bangui doguwa ce, ta kan ɗauki fiye da rabin shekara, iska kuma jiƙe take. Tufar da aka matse da hannu kan kwana biyu a igiya har ta fara wari. A nan bahon matsewa ya fi bahon wankin amfani, domin cikin minti biyar yana fitar da ruwan da hannu ba zai iya ba. Don haka a gwada shi a shago, a ji ko yana girgiza fiye da kima. Sai maganar girma. Kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne, kuma a mai baho biyu ɗakin matsewa ya fi na wanki ƙanƙanta. Gidan da ke da zannuwan gado da hijabai da manyan riguna ya nemi kilo 8 zuwa sama. Shadda mai aiki da riga mai sitaci kuwa, a bar wa hannu da masu bugu, domin faifan inji yana cin zare.

In aka tara waɗannan, ra'ayina shi ne: ga mafi yawan gidajen Miskine da Kilomita Biyar, mai baho biyu ya fi dacewa, tare da sitabilaiza, a kuma ɗora shi a kan dakali saboda ruwan damina. Wanda ya riga ya mallaki rijiyar burtsatse da tanki da sola mai ƙarfi, otomatik mai ƙofa a gaba zai hutar da shi fiye da kowanne, kuma zai yi masa tsimin ruwa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da injin ba zai yi ba

Saura masu wanki da guga, waɗanda da yawansu samari ne da wannan sana'a ke rufa wa asiri. Tarihin AmaWasha ya nuna abin da kan faru: da manyan gidajen wanki masu injin tururi suka kafu a Johannesburg, hukuma kuma ta kore su daga bakin ruwa, sana'ar ta mutu cikin 'yan shekaru. Ba na jin haka za ta faru a nan da wuri, domin inji ba ya guga, ba ya sa sitaci, ba ya bugu. Mafita a wurinsu ita ce su riga kowa mallakar injin. Samari uku da suka haɗa kuɗi suka sayi mai baho biyu da ƙaramin janareta za su yi wankin da a da sai mutum goma. Haka ma matan gida guda ko na layi guda za su iya yin adashi su saya tare, su raba kwanaki. Ga waɗanda ba su da wuta sam, tun 2019 wata ƙungiya a Ingila mai suna The Washing Machine Project take ƙera inji mai juyawa da hannu domin sansanonin 'yan gudun hijira, wato an koma kan tunanin Schäffer bayan shekara 250.

Gargaɗin Cowan kuma ya kamata magidanta su riƙe shi. In inji ya shigo sai maigida ya daina kai rigunansa wurin mai wanki, yara kuma suka fara canja kaya sau uku a rana, ruwan da za a zuba har yanzu yarinyar nan ce ke jansa daga rijiya, to kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Murɗa agogon inji ba aikin mata ba ne kaɗai, yaro namiji ɗan shekara goma sha biyu zai iya. Ribar injin tana cikin sa'o'in da ya rage, kuma mutanen gida ne za su yanke inda sa'o'in za su tafi: Islamiyya, aikin makaranta, ƙaramar sana'a, ko hutun da iyayenmu mata ba su samu ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo da waɗanda har yanzu suke gudun hijira gidajensu, Ya sa abin da za a saya ya tsufa a hannun masu shi.